Cinyar Mai Gona: Farauta, Izini da Gaisuwar Ƙarshen Shekara a Ƙasar Kontagora

Idan Disamba ta kama a ƙasar Kontagora, hazo kan sauka tun asuba ya lulluɓe gonaki, har mutum ba ya iya hango kaɗanyar da ke bakin gonarsa. Masara an daɗe da kai ta gida, an cire gyaɗa, wake ya shiga buhu. Dawa ce ta rage, wata a tsaye, wata an karya an ɗaure dammuna ana jiran mota ko amalanke. A irin wannan safiya ce za ka ga babura biyu ko uku sun ratse daga kwalta, a hanyar Rijau ko ta Ibeto, kowanne da mutum biyu, kare a tsakiyarsu, bindigar toka a naɗe cikin tsohon buhu, gora da gatari a ɗaure a baya. Mafarauta ne, kuma lokacinsu ne ya zo.

Daga inda suka bar kwalta hanya biyu ce a gabansu. Ko dai su zarce kai tsaye su faɗa gonakin mutane su saki karnuka, ko kuwa su fara biyawa ta tungar da ke kusa su yi sallama. Wanda ya san ƙauye ya san yadda ta biyun take gudana. Babban cikinsu zai kashe babur nesa kaɗan da ƙofar gida, ya bar bindiga a wurin yaransa, ya taka da ƙafa, ya durƙusa gaban dattijon da ke jin ɗumin wutar kara.

“Salamu alaikum. Baba, ina kwana? Ya sanyi, ya kaka?”

Sai an gama gaisuwa tsaf, an tambayi iyali da dabbobi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: suna neman izini su ɗan zaga ta bayan fadama. Amsar mai gona kuwa ba ta cika wuce jimla uku ko huɗu ba, amma kowace jimla tana da nauyinta. Ku bi ta gabas, yamma akwai dawa a ƙasa. Yara na kiwo a bakin rafi, a kula da harbi. Kada a sa wuta. Allah ya ba da sa'a.

Da la'asar sakaliya, idan an dace, baburan kan sake biyowa ta ƙofar gidan. A ciro zabon daji ɗaya, ko zomo, ko cinyar gada in an yi babban kamu, a miƙa wa yaro ya kai cikin gida. In ba a samu komai ba, a tsaya dai a ce an fito, ga gona an bar ta yadda aka same ta. Wannan ɗan naman da ba ya cika tukunya shi ne abin da ya ja hankalina, domin a kansa ne zaman lafiyar maharbi da manomi ya ratayu, kuma na ga yana neman ɓacewa a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Al'adar ba tamu ce mu kaɗai ba. A Ingila, inda kowane taku na ƙasa yake da mai shi, ba a harbi a gonar mutum sai da yardarsa, kuma shiga filin wani da bindiga ba izini laifi ne a ƙarƙashin dokar makamai ta 1968. Masu sha'awar harbin kurciyar daji da zomo da yanyawa kan yi shekaru suna neman manomin da zai amince musu, in sun samu kuma su riƙe shi da hannu biyu. Galibi ba kuɗi ake biya ba. Manomi na samun mai rage masa tsuntsayen da ke cinye masa amfani, maharbi na samun wurin harbi. Idan Kirsimeti ta gabato sai maharbin ya ɗauki kwandon kayan ciye-ciye, ko kwalbar abin sha, ko naman da ya gyara da hannunsa, ya kai gidan gona ya yi godiya. Wani abin lura, tun dokar farauta ta 1831 an hana harbin tsuntsayen farauta ranar Lahadi da ranar Kirsimeti a Ingila da Wales, saboda haka ranar ba ta bindiga ba ce, ta ziyara ce. Sun ɗaure gaisuwarsu da rana guda a shekara. Mu tamu a warwatse take: kaso a ranar kamu, goro idan an haɗu a kasuwa, ziyara idan biki ya zo.

Bikin kuwa a wannan ƙasa biyu ne. Masarautar Kontagora ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kontagora, Mariga, Magama, Rijau, Mashegu da Wushishi, kuma a cikinta akwai Hausawa da Fulani da Kambari da Dukawa da Dakarkari da Nufawa da Gwari da sauransu. Musulmi ne suka fi yawa, amma Kiristoci ma ba baƙi ba ne. Cocin UMCA ya daɗe da kafuwa a wurare irin su Salka da Tungan Magajiya, Angilika na da nata yankin bishop a Kontagora, Katolika kuma an ɗaga nata ya zama cikakken dayosis a 2020, ƙarƙashin Bishop Bulus Dauwa Yohanna. Maharbin da ya fito daga cikin gari ya nausa ƙauyukan Magama ko Rijau, ba mamaki gonar farko ta mai yin Sallah ce, ta biyu kuma ta mai yin Kirsimeti. Musayar abinci tsakanin maƙwabta a ranakun nan biyu tsohon abu ne a garuruwan da aka cakuɗu: tuwo da naman layya su tafi can, shinkafa da cincin su dawo nan. Kirsimeti tana da wani fifiko guda a sha'anin farauta, wato ba ta matsawa. Sallah na zagayawa da watannin Musulunci, wata shekara a bazara, wasu shekaru a tsakiyar damina, ita kuwa 25 ga Disamba kullum tana faɗowa a daidai lokacin da aka kwashe amfani, ciyawa ta bushe, farauta ta buɗe. Maharbin da ya ci moriyar gonar Kirista tun watan Nuwamba ba shi da wata rana da ta fi wannan dacewa ya je ya nuna fuskarsa.

Da can daji ba shi da ƙofa

Tsofaffin maharba da yawa har yau ba su gamsu da batun neman izini ba, kuma suna da hujjarsu. A tasowarsu daji na Allah ne, naman da ke cikinsa kuma na wanda ya iya ne. Gona tana da mai ita daga shuka zuwa girbi, da an kwashe amfani sai ta koma fili, makiyayi ya shiga da shanunsa, mata su tsinci itace, yara su tone gafiya. Izinin da aka sani shi ne na Sarkin Dawa ko Sarkin Baka, wanda ke sa ranar fita farautar gayya, ya raba gardama idan karnuka biyu sun kama zomo ɗaya, da kuma na mai gari, wanda ake kai wa ƙafa idan an kashe babban nama.

Ƙasar ma haka take a wancan zamani. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku kuma jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kontagora a wajajen 1864 a tsakiyar dazuzzuka masu duhu, bayan an ba shi sarautar Sarkin Sudan. Labarin baka ma na cewa sunan garin daga “kwanta gora” ya samo asali, wato a ajiye gora a yada zango. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun watsa ƙauyuka da dama, mutane suka koma kan duwatsu, daji ya rufe kufai. Lokacin da Turawa suka ci garin a 1901, zamanin Ibrahim Nagwamatse, sun tarar da ƙasa mai faɗi da mutane kaɗan. Inda mutane suka yi ƙaranci nama kan yi yawa: gwanki, kanki, mariya, mazo, ɓauna, har giwa da zaki.

Wannan faɗin ne kuma ya jawo jama'a daga baya. Jihar Neja, wadda aka ƙirƙiro a 1976, ita ce ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Najeriya, murabba'in kilomita sama da 76,000, ga ruwan sama da ya fi na Arewa mai nisa. Tun daga farin shekarun 1970 da na 1980 manoma daga ƙasashen Sakkwato da Kabi da Zamfara da Katsina suka riƙa gangarowa, suna karɓar aron daji daga masu ƙasa, suna sara, suna kafa tunga. Duk wanda ya bi hanyoyin Mashegu ko Mariga ya ga yawan garuruwan da sunansu ya fara da Tunga. Sannan tarakta ta zo, maganin feshin ciyawa ya zo, mutum ɗaya ya iya nome abin da gida guda ba ya iyawa a da. Ma'aikata da 'yan kasuwa da tsofaffin sojoji suka sayi manyan gonaki. Sauran dajin da ke tsakanin wannan gari da wancan ya tsuke, a wasu wurare ya ƙare ƙaf. Maharbin yau, ko ya so ko ya ƙi, yawancin tafiyarsa a cikin gonar wani yake yi.

Gonar bayan girbi kuma ta daina zama fili na banza. Karan dawa kuɗi ne, harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ne, akwai manomin da ke sayar wa makiyayi kiwon gonarsa sukutum bayan ya kwashe hatsi. Ga rogo da ke kwana a ƙasa har rani, ga lambun fadama, ga itatuwan kaɗanya da ɗorawa da matan gida ke jira, ga ƙananan mangwaro da kashu da aka dasa ake lallaɓawa. Wanda ya ce an riga an yi girbi, me ya rage, bai zaga gonar zamani ya gani ba.

A nan ne nake ganin ma'anar cinyar mai gona ta fito sarai, kuma manoman da suka zo ci-rani sun fi kowa fahimtarta. Wanda aka ara wa gona, kowace kaka yakan ɗauki dami ɗaya ko biyu, ko kwano kaza na hatsi, ya kai wa mai ƙasa. Damin nan bai kai kuɗin haya ba, kowa ya sani. Amfaninsa shi ne shaida: na san ƙasar nan ba tawa ba ce, na san wanda ya ba ni. Ranar da aka daina kai dami, ranar aka fara shirin rigimar gona. Zabon da maharbi ke ajiyewa a ƙofar gida irin wannan damin ne. Yana cewa na shiga da yardarka, na fita da saninka, gobe ma sai ka yarda zan dawo.

Manomi ma yana bukatar maharbi, kada a ɗauka alfarmar ta gefe ɗaya ce. Wanda gonarsa ke gindin dutse ya san ta'asar gwaggon biri da jan biri a lokacin da masara ta fara nuna, sai a kwana a wuni ana gadi, yara su bar makaranta suna kaɗa gwangwani. Gyazbi na sare shinkafa da rake daga tushe kamar an sa lauje. Gadu na tone rogo da gyaɗa cikin dare ɗaya ya bar gona kamar an yi haƙar rijiya. Beguwa da gafiya da kurege kowanne da irin ɓarnarsa. Sau da yawa manomin ne da kansa ke aikawa a kira maharbi, ya ba shi abinci, wani lokaci har ya saya masa albarushi. A irin wannan hali kyauta kan juya, bayan girbi maharbi ne ke samun kwanon masara. Dangantaka ce ta cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, kuma duk inda ta yi ƙarko za ka tarar an daɗe ana gaisawa.

Abin da ke ɓata ta, fiye da komai, wuta ce. Ina yaro na taɓa tsayawa a bakin wata gona da aka cinna wa wuta saboda gafiya. Samari ne suka tura hayaƙi a rami, iskar hunturu ta ɗauki tartsatsi ta jefa cikin busasshiyar ciyawa, kafin a ɗebo ruwa daga rafi wutar ta kai ga dammunan dawa da aka jera a gindin ɗorawa. Abin da ban manta ba shi ne ƙarar hatsin yana fashewa ɗaya bayan ɗaya, da warin tuwon da ya ƙone, da mai gonar, dattijo, tsaye da reshen ganye a hannu ya daina dukan wutar yana kallo kawai. Noman shekara guda ne ya tafi a kan naman da bai isa miyar dare ɗaya ba. Samarin sun gudu, kuma ba wanda ya san daga wane gari suka zo, tunda ba su yi wa kowa sallama ba. Da sun biya ta gidansa da safe, da ya gaya musu inda dawarsa take. Da kuma sun san an san fuskarsu, da sun yi tunani kafin su ƙyasta ashana.

Bayan wuta akwai kare da ke bin akuyar mutane idan ya rasa zomo, akwai tarkon ƙarfe da ake ɗanawa a manta, ya kama ƙafar yaro ko ta saniya, akwai harbin dare da fitilar goshi, inda ido biyu masu ƙyalli a duhu kan zama na ɗan maraƙi, wani lokaci ma abin ya fi haka muni. Kowanne daga cikin waɗannan, tambaya ɗaya a ƙofar gida tana iya kawar da shi.

Bindiga a bakin gona

Shekaru goma sha da suka wuce, manomi in ya hango mutane da bindigogi suna ratsa gonarsa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne karansa da akuyarsa. Yau ransa ne. Ƙasar nan ta sha wuya a hannun 'yan bindiga. A 2021 kaɗai an kwashe ɗalibai a makarantar sakandaren Kagara a watan Fabrairu, aka kwashe yaran Islamiyya a Tegina a ƙarshen Mayu, aka buɗe wa masallata wuta a Mazakuka cikin ƙaramar hukumar Mashegu a watan Oktoba. A Nuwamban 2025 aka shiga makarantar Katolika ta Papiri a Agwara aka tafi da yara da malamai masu yawa. Ƙauyukan Mariga da Rijau da Magama sun san gudun dare, sun san barin amfani a gona saboda ba halin zuwa ɗauka. A irin wannan yanayi, babura uku da mutum shida da bindigogi a cikin hazo ba abin da za a tsaya tantancewa ba ne. Mata za su kwashi yara, a buga waya, 'yan banga su fito.

Maharbi kuwa shi ne ya fi kowa shiga haɗari idan ba a san shi ba. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen Maris 2025 bai kamata ya fita daga ran kowane mai riƙe da bindigar toka ba. Mafarauta 16 'yan Arewa, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Sallah a gida, aka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su. Babu abin da zai wanke wannan kisan gilla. Amma ya nuna inda ƙasar ta kai: bindiga a hannun baƙo ta zama hukunci tun kafin a tambaye shi sunansa. Abin da ke tsare maharbi a ƙauyen da ba nasu ba shi ne a samu dattijo ɗaya da zai ce, ku bari, na san shi, yaron wane ne, bara ma ya kawo mana gaisuwa.

Wannan ya sa nake ganin ziyarar biki ta fi kason ranar kamu muhimmanci a yanzu. Ranar farauta mutum na zuwa da bukata, da makami, da sauri. Ranar Sallah ko Kirsimeti kuwa yana zuwa hannu ba bindiga, cikin rigarsa ta kirki, ya zauna a tabarma, a kawo masa ruwa, matan gida su gan shi, yara su san sunansa, maƙwabta su tambaya wane ne a gaya musu. Zumunta a ƙafa take. Rabin sa'ar nan ita ce takardar shaidarsa a wannan yanki har shekara ta zagayo. Da yawa daga mafarautan nan kuma su ne 'yan bangar da ke kwana a bakin gari suna tsaron jama'a, sun rasa 'yan'uwa a wannan aiki, sun cancanci a san su da alheri a duk inda suka taka.

Doka tana da nata bayanin, ko da yake ba kowa ke waiwayarta ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke tabbatar wa mutum haƙƙin riƙe gonarsa bisa al'ada, saboda haka mai gona yana da ikon cewa kada a shiga. Dokar makamai ta 1959 ta sa har bindigar toka sai da lasisin kwamishinan 'yan sandan jiha. Tsohuwar Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963, wadda ta ware dabbobin da ba a taɓawa da waɗanda sai da lasisi, sannan gwamnatin tarayya ta yi dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Ma'anar wannan ita ce izinin mai gona yana da iyaka. Zai iya ba ka hanya cikin gonarsa, amma ba zai iya halatta maka abin da doka ta hana ba, kuma ba shi da ikon ba ka izinin tsallaka iyakar gandun daji.

Gandun kuwa yana nan kusa. Gandun Dajin Tafkin Kainji, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,300, kashi biyu ne: na Borgu a yammacin tafkin, da na Zugurma a gabas, wanda ke maƙwabtaka da gonakin Mashegu. Shi da Yankari ne wuraren da aka sani zaki ya rage a Najeriya. Manomin da gonarsa ke bakin iyakar Zugurma yakan samu kansa a tsaka mai wuya, domin wanda ya roƙe shi ya bi ta gonarsa yana iya zama ba gonar yake so ba, abin da ke bayanta yake nufi. Kyautar da aka kawo don a rufe bakin mai gona a kan irin wannan ta tashi daga gaisuwa, ta zama toshiya, kuma manomin kirki ya kamata ya mayar da ita.

Ni dai ban ga laifin farauta ba. Sana'a ce ta iyaye da kakanni, addini ya halatta ta da sharuɗɗanta, Suratul Ma'ida ta yi maganar kamun dabbar da aka horar, ɗaliban Risala kuma sun karanta hukunce-hukuncenta a zaure. Amma duk maharbin da ya haura shekara hamsin zai gaya maka abin da yake samu a yini ɗaya yana saurayi, yanzu sai ya yi mako bai gan shi ba. Manomin da ake girmamawa da neman izini yana iya zama mai tsaron ɗan abin da ya rage. Shi ne zai ce bana a bar zabin fadamar nan su huta, ko kada a taɓa gada mai ciki, ko a dakata sai ƙwai ya ƙyanƙyashe. Wanda aka saba kai wa gaisuwa ana jin maganarsa. Wanda ake ratsa gonarsa ba sallama ba shi da bakin faɗa, shi ma sai ya sa wa zabin guba ya huta.

To me ake kaiwa? Ba abu mai tsada ba. Kwano biyu na shinkafa, galan ɗin man gyaɗa, ƙullin gishiri da sinadarin ɗanɗano, sandar sabulu, ƙwaryar goro ga dattijo mai ci, tocila da batir, turmin atamfa ga uwargida in hali ya yi. Mai kaifin hankali yakan lura da abin da gidan ke bukata tun ranar da ya zo neman izini: fartanya ta lalace, takalmin roba ya tsage, yaro zai koma makaranta a Janairu ba littafi. Kada a manta da matan gida, domin su ne ke kwana da fargabar wuta a kan kaɗanyarsu, su ne kuma ke dafa wa baƙo abinci. A kula da addinin juna: Musulmi ba zai ɗauki kwalbar giya ya kai wa kowa ba, kuma wanda zai kai wa Musulmi nama ya tabbatar an yanka ko an harba da sunan Allah, kada kuma ya haɗa da naman gadu. Zakara mai rai ko zabuwar gida ta raba wannan gardama, kowa ya yanka yadda addininsa ya ce. Naman ɓera da danginsa kuwa gara a bar shi, ba kayan kyauta ba ne a watannin rani, lokacin da zazzaɓin Lassa ke tashi, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969 kuma ɓera ne ke yaɗa ta.

Akwai kuma tambayar wa za a kai wa. Gona ɗaya tana iya zama da mai ƙasa da ke zaune a cikin Kontagora ko Minna, da wanda ya karɓi haya ko jingina, da mai gadin da ke kwana a bukka. Turawan Ingila ma sun sha wannan rigima, har sai da suka yi doka a 1880 da ta ba manomi ɗan haya ikon kashe zomayen da ke cinye masa amfani ko mai ƙasa bai so ba. A nan hankali ya isa: wanda guminsa ke cikin gonar, wanda wuta za ta ƙona wa hatsi, shi ne farkon wanda za a gaisar. Mai unguwa ko dagaci kuma a sanar da shi, domin idan abu ya ɓaci wurinsa za a fara zuwa.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a sa wa izinin farashi. An fara jin masu manyan gonaki na cewa sai an biya kafin a shiga, wasu mafarautan gari kuma na ganin tunda sun miƙa kuɗi sun sayi gonar ta yini guda, su yi abin da suka ga dama. Kuɗi na ƙarewa a inda aka ƙirga shi, ba ya sa mutum kunyar mai gona, ba ya sa mai gona ya tsaya wa mutum ranar da 'yan banga suka tare shi. Talakan maharbi kuma, wanda ya gaji sana'ar, shi za a fara korewa.

Masarauta na da rawar da za ta taka, kuma ba ta bukatar kasafin kuɗi. Sarkin Sudan na Kontagora, Alhaji Muhammad Barau Mu'azu, wanda ya hau gadon a 2021 bayan rasuwar Alhaji Sa'idu Namaska da ya shekara 47 yana sarauta, yana da hakimai da dagatai da masu unguwanni har ƙarshen kowace tunga. Idan aka umarci kowane Sarkin Dawa ya riƙa kai sunayen mutanensa wurin dagacin yankin da za su shiga, aka ce ba fita sai an yi wa masu gonaki sallama, ba wuta sai an tabbatar an kwashe amfani, limamai su faɗa a masallaci, fastoci su faɗa a coci, rigingimu da yawa ba za su kai ofishin 'yan sanda ba.

Kafin a kai ga haka, abin yana hannun mafarautan kansu. Ya ku 'yan'uwa masu kare da gora, ku zauna ku lissafa gonakin da kuka ratsa daga farkon kaka zuwa yau, ku tuna ƙofofin da aka ce muku Allah ya ba da sa'a, da waɗanda kuka wuce ba ku yi sallama ba. Wanda bikinsa Kirsimeti ne ku isa gidansa ranar 25 ga Disamba, wanda bikinsa Sallah ne ku riƙe ranarsa. Ku bar bindiga a gida, ku tafi da abin da ya sawwaƙa.